Mutuwar da Aka Rubuta Tun Farko: Nazari a kan Zubi da Tsarin Wasan Bidiyo na Ultraman na 1991

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wani wasan bidiyo na faɗa mai suna Ultraman, wanda kamfanin Bandai ya fitar a ƙasar Japan cikin watan Afrilu na 1991, domin na'urar wasa ta Super Famicom. An ɗauko wasan ne daga wani shirin talabijin mai wannan suna. Tambayar da za mu sa a gaba ita ce: idan aka ɗauki labarin da kowa ya san ƙarshensa aka mayar da shi gasa, wadda ita kuwa daɗinta shi ne rashin sanin wanda zai yi nasara, wanne ne zai rusuna wa ɗan'uwansa? Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, masu wannan wasa sun sa gasa ta rusuna wa labari, kuma daga wannan zaɓi ne kyawun wasan da aibinsa duka suka tsiro. Za mu yi amfani da ma'aunan da muka saba auna wasan kwaikwayo da su, wato jigo da zubi da tsari, ko da yake wani malami na iya cewa an ɗora wa jaki sirdin doki.

2.0 Tushen Wasan

An fara nuna shirin Ultraman a gidan talabijin na TBS ran 17 ga Yuli, 1966, aka kammala ran 9 ga Afrilu, 1967, bayan fitowa 39. Kamfanin Eiji Tsuburaya ne ya shirya shi. Jigonsa a taƙaice shi ne, wani ƙato mai tsawon mita 40 daga wata duniya mai nisa ya haɗa rai da wani ma'aikacin rundunar bincike mai suna Hayata. Duk sa'ad da wani dodo ya gagari rundunar, sai Hayata ya rikiɗa ya zama Ultraman, a gwabza.

Abin da ya shafe mu shi ne zubin wannan gwabzawa, domin kusan kowane mako iri ɗaya ne. Akan fara da kokawa da naushi. Sa'an nan fitilar da ke ƙirjin jarumin ta bar shuɗi ta koma ja, tana walƙiya tana ƙara, alamar ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Masu kallo sun san cewa minti uku kawai yake iya yi a doron ƙasa. Sai a ƙarshe ya gicciya hannuwansa ya saki hasken Specium, dodo ya tarwatse. An daɗe ana yi wa shirin ba'a cewa, in dai hasken nan yana kisa, me ya hana a sake shi tun daƙiƙar farko? Amsar ita ce yaro ba ya zama gaban akwatin talabijin don ya ji ko Ultraman zai ci. Ya zauna ne don ya ga an bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mai sauraren tatsuniya yakan tsayar da mai ba da ita idan ta tsallake wani wuri.

3.0 Yadda Aka Mayar da Al'ada Doka

Wasan na 1991 ya jera dodanni goma, daga Bemular, wanda shi ne na fitowar farko a shirin, zuwa Zetton na fitowar ƙarshe. Mai wasa Ultraman kaɗai yake riƙewa, kuma minti uku ake ba shi a kowane karo. Akwai wani ma'auni da ke cika a hankali, mai hawa huɗu, kowane hawa da makaminsa, na huɗun kuwa shi ne hasken Specium.

Ga inda hikimar take. Ko da mai wasa ya naushi dodo har ƙarfinsa ya ƙare ƙaf, dodon ba zai faɗi ba. Wata kalma ce za ta bayyana a allo tana cewa a gama da shi, kuma ba abin da zai gama da shi sai hasken nan na hawa na huɗu. In ma'aunin bai cika ba, sai jira, alhali ƙarfin dodon yana dawowa kaɗan-kaɗan, agogo kuma yana tafiya. Ke nan abin da yake al'ada ce kawai a talabijin, a nan ya zama doka wadda ba a tsallakewa. Tsohuwar ba'ar nan ma ta sami amsa: wanda ya yi gaggawar sakin hasken tun dodo yana da sauran ƙarfi ya yi asararsa, sai ya sake tari daga tushe.

Ya kamata a tuna cewa a wannan shekara ce kamfanin Capcom ya fitar da Street Fighter II, wanda ya kafa wa wasannin faɗa ƙa'idar da suke bi har yau: a zaɓi jarumi ɗaya cikin takwas, mutum biyu su kara, kowace irin duka tana iya kawo ƙarshen zagaye. Can 'yanci aka sayar wa mai wasa. A Ultraman kuwa matsayin ɗan wasan kwaikwayo aka ba shi, an miƙa masa rubutaccen labari an ce ya hau dandamali. Hatta nauyin jikin jarumin, wanda masu sharhi da yawa suka yi kuka da shi, yana tuna wa mutum cewa asalin abin wani ɗan wasa ne, Bin Furuya, cikin rigar roba yana taku tsakanin ƙananan gine-ginen da aka ƙera.

Sai dai dokar tana da illa, kuma ba ƙarama ba. Tun da duk wani ƙaramin makami da aka harba yana rage ma'aunin, mai wasa mai wayo yakan daina taɓa hawa uku na farko gaba ɗaya. Makamai uku cikin huɗu sun zama ado ke nan. Bugu da ƙari, sau da yawa daƙiƙun ƙarshe na karo, waɗanda ya kamata su fi kowane lokaci zafi, sukan zama na ja da baya da tsalle-tsalle ana jiran ma'auni ya cika. Jarumin da ke guje wa dodon da ya riga ya galabaita ba shi ne wanda yaran 1966 suka sani ba. Wato garin neman kamanta ƙarshen faɗan, an ɓata tsakiyarsa.

4.0 Jamila da Zetton

Wurare biyu ne suka fi nuna inda zuciyar masu wasan take.

Na farko shi ne karo da Jamila. Sunan zai yi wa kunnenmu kama da na mace, amma a fitowa ta 23, wadda Mamoru Sasaki ya rubuta, Akio Jissoji ya ba da umarni, Jamila ɗan sama jannati ne, namiji, wanda ƙasarsa ta yi watsi da shi a wata duniya marar ruwa, ta kuma ɓoye maganar. Wahala ta sauya masa halitta, ya komo ɗaukar fansa a daidai lokacin da ake taron zaman lafiya na ƙasashe a Tokiyo. Aka umarci rundunar ta kashe shi a matsayin dodo, kada duniya ta san mutum ne. Ya mutu yana birgima cikin laka kusa da tutocin ƙasashe. Wasan ya sa shi cikin dodanni goman, kuma bayan an kayar da shi sai a nuna allon tunawa da aka kafa masa. A talabijin mai kallo shaida ne kawai, yana iya jin haushin waɗanda suka ba da umarni. A nan kuwa babban yatsansa ne ya danna maɓallin, kuma ba a ba shi wata hanya ta wucewa gaba ba. A ganina wannan shi ne wuri ɗaya da wasan ya yi abin da shirin ba zai iya ba.

Na biyu shi ne ƙarshe. A fitowa ta 39 Zetton ya shanye hasken Specium ya mayar wa Ultraman, jarumin ya faɗi, sai 'yan Adam ne suka hallaka dodon da wani ɗan ƙaramin harsashi da masaninsu ya ƙera. Wasan bai kauce ko taku ɗaya ba. Mai wasa zai sha wuya ya ƙarar da ƙarfin Zetton, ya tara ma'auninsa, ya saki hasken kamar yadda aka koya masa tun karon farko, sai ya ga jaruminsa a ƙasa. Daga nan a miƙa masa bindiga da ƙidayayyun harsasai a matsayin ɗan runduna. In an auna da ma'aunin gasa, wannan zalunci ne, domin an hukunta mutum a kan ya bi doka. In kuwa an auna da ma'aunin jigo, daidai ne, domin abin da shirin ya rufe da shi ke nan, cewa dole mutanen duniya su tsare gidansu da hannunsu.

Amma fa duk wannan yana aiki ne ga wanda ya zo da labarin a kansa. Wasan bai yi wani dogon bayani a kan ko wane ne Jamila ba. Ya dogara ga cewa yaron da ya kalli shirin yana ɗan shekara 8 a 1966 ya kai 33 a 1991, yana da kuɗin sayen na'ura, wataƙila da ɗa a gefensa. Hujja a kan haka tana nan a wasan Ultraman: Towards the Future, wanda aka fitar wa kasuwar Amurka a 1991 ɗin. Dokokinsa kusan duk ɗaya ne, amma an musanya dodannin da na wani sabon shiri da aka ɗauka a Ostareliya. Masu sayensa ba su da tarihin komai game da waɗannan halittu, saboda haka abin da ya rage musu shi ne jarumi mai nauyin jiki da ma'auni mai jinkirin cika, kuma sharhin da aka yi masa bai yi daɗi ba.

Hanyar da wasan na 1991 ya buɗe ba ta toshe ba. A Ultraman Fighting Evolution 3, wanda Banpresto ya fitar a 2004 domin PlayStation 2, an ba mai wasa damar zaɓar jarumai da dodanni ya kara da abokinsa yadda ya so, sa'an nan aka ware wani sashe dabam inda ake ba shi maki gwargwadon yadda ya maimaita abin da ya faru a talabijin.