Waƙar da Mawaƙan Siyasa Ba Su Rera Ba

Zaɓen gwamnan Kano na 18 ga Maris, 2023 bai ƙare a rumfar zaɓe ba. Sai da ya bi ta kotu uku, har ranar 12 ga Janairu, 2024 da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Abba Kabir Yusuf kujerarsa. A waɗannan watanni goma mun sha waƙoƙi, kowane hukunci da irin zambon da ya haifar.

Ba mu raina gwanintar mawaƙan ba. Sun iya amshi mai kama baki, sun iya laƙabin da zai bi mutum har gida. Inda suka gaza shi ne bayan ƙura ta lafa. Babu baiti ɗaya ga wa da ƙanin da suka daina gaisawa, ko maƙwabtan da dole su haɗu a sahu da asuba. Ko sunan Allah da ake ambata, yawanci don a ce Ya kunyata abokin hamayya ne.

Mu masu rubuta manhaja mun san TikTok na ƙara tura wa mutum abin da ya tsaya ya kalla, zagi kuwa na tsayar da mutane. Shi ya sa zambo ke daɗewa a waya bayan 'yan siyasar sun sasanta.

Muna jiran mawaƙin da zai rarrashi wanda ya faɗi, ya tuna wa wanda ya ci cewa mulki amana ce da Allah zai tambaya. In ya rera, mu za mu fara yaɗawa.