Kora Sunanta Kora

Akwai wani salon karanta labarai da muke ji a rediyo nan Zungur wanda ya kamata a duba. In wata ƙasa ta tattara mutane ta fitar da su da ƙarfin tsiya, sai ka ji an ce "an dawo da su gida", ko "an maida su ƙasarsu". Lafazin da taushi, kai ka ce rakiyar amarya aka yi. Alhali Hausa ba ta rasa kalmar da ta dace ba: kora, fatattaka, tasa ƙeya. Kowacce tana nuna akwai mai iko da ya tura, akwai kuma wanda ya tafi ba da son ransa ba.

A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Ghana ta bai wa baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice. Cikin 'yan'uwanmu da suka baro zangon Kumasi da na Accra akwai waɗanda can aka yanke musu cibiya, ba su taɓa taka Najeriya ba. To, wane gida aka maida su? A Janairun 1983 mu ma muka yi irinta zamanin Shagari, har jakar nan ta gana-mas-go ta samo suna.

Ga kuma misalin Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP. A Janairun 1980 aka ɗauke shi aka kai shi Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar kotun Maiduguri ta ce ɗan Najeriya ne. Duk wanda ya ce "an maida shi ƙasarsu" a lokacin, ya riga alƙali yanke hukunci, kuma hukuncin zalunci.

Ba mu ce "dawowa" ba ta da gurbi ba. Ɗaliban da aka kwaso daga Sudan a 2023 ceto su aka yi daga yaƙi. Amma wanda jami'an Aljeriya suka sauke a hamada ya taka kimanin kilomita 15 zuwa Assamaka, wannan koro shi aka yi.

Roƙonmu ga masu fassara labarai shi ne su faɗi wanda ya yi korar, su kira ta da sunanta. In aka lulluɓe kalma, ba mai tambayar ina dukiyar korarre take, ko wa ya ba da umarnin.