Jinjina ga Likitocin Fiɗar Zuciya

Idan jijiyar da ke shayar da zuciya jini ta toshe, wani ɓangaren tsokarta yakan mutu. A wasu majinyata, cikin makon farko, bangon da ya raba manyan ɗakunan zuciya biyu yakan ɓule, jini ya riƙa kwarara inda bai kamata ba. Denton Cooley na Amurka ne ya fara ba da rahoton toshe irin wannan huda a 1957.

Gwanintar likitan fiɗa tana ga zaɓen lokaci. A kwanakin farko naman yana da rauni kamar ruɓaɓɓen ƙyalle, ɗinki ba ya kama shi. Bayan makonni uku zuwa huɗu tabo yakan yi ƙwari, zare ya zauna daram. Amma wanda jininsa ya faɗi, ƙodarsa ta fara gazawa, jira ajalinsa ne, sai a shiga da shi nan take.

Majinyaci daga Doguwa ko Tudun Wada sai ya doshi manyan asibitocin Kano, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda hoton zuciya ke nuna girman ɓarnar. Likitocin da ke auna hukuncin lokacin fiɗa, da ma'aikatan jinyar da ke kwana kan majinyaci, sun cancanci yabo.