Ulu da filin Okperi: shari'ar da ke cikin babi na biyu na Arrow of God

A cikin littattafan Chinua Achebe, wanda malaman lise suka fi sani shi ne na farko, na shekarar 1958, wanda aka fassara da sunan Le monde s'effondre. Na ukun, Arrow of God, da ya fito a 1964, wanda masu karatun Faransanci suka sani da La Flèche de Dieu, bai cika shiga aji ba, alhali kuwa babinsa na biyu kaɗai ya isa darasin mako guda.

Zancen na gona ne. Mutanen Umuaro, ƙauyuka shida na ƙasar Ibo, suna zargin maƙwabtansu na Okperi da cinye musu wani fili. A taron dattawa sai Ezeulu, babban mai tsafin Ulu, ya miƙe ya faɗi abin da ba mai son ji: bisa ga abin da mahaifinsa ya gaya masa, filin na Okperi ne tun asali, su ne ma suka bai wa kakannin Umuaro wurin zama, kuma Ulu ba zai raka kowa yaƙin zalunci ba.

Ya kamata a lura da irin aikin da abin bautar ya yi a nan. A ƙasar Arewa, masu kai ƙarar sata gaban dutsen Tunguma suna jiran a nuna musu mai laifi ne. Ulu bai nuna kowa ba, bai yi barazanar aradu ba. Ta bakin mai tsafinsa ya juya zargin a kan masu zargi, sannan ya janye kariyarsa. Makaminsa ke nan, kuma yana da nauyi, domin kakannin ƙauyukan shida da kansu suka tara bokaye suka kafa Ulu don ya tsare su daga maharan Abam. Wanda aka kafa saboda tsoron mahara ya ƙi yarda masu shi su zama mahara.

Sai dai ba a ji ba. Nwaka, attajiri mai kaifin baki, ya ce shi ma yana da uba, kuma nasa uban wani labari dabam ya ba shi. Ya kuma yi habaici cewa mahaifiyar Ezeulu ƴar Okperi ce. Da wannan habaici aka kashe maganar. Aka aiki Akukalia da farar ƙasa, alamar sulhu, da tohon kwakwa, alamar yaƙi, don Okperi su zaɓa. Ya isa ranar kasuwarsu, gardama ta tashi, wani mai suna Ebo ya gaya masa baƙar maganar da ta taɓa mazantakarsa, shi kuwa ya shiga ya karya ikenga ɗin Ebo, wato gunkin ƙarfin hannunsa na dama. Ebo ya harbe shi. Aka yi yaƙi, har Bature mai mulkin yankin, Winterbottom, ya zo da sojoji ya karya bindigogin Umuaro. A gabansa Ezeulu ya ba da shaida a kan mutanensa, aka bai wa Okperi filin.

Gwanintar Achebe tana cikin abin da ya hana mai karatu. Uba biyu, tarihi biyu, babu takarda, babu dutsen iyaka. Har littafin ya ƙare ba a kawo wata hujja da ta tabbatar da ko filin na wa ne ba. Sulhun da Ulu ya nema kuwa bai samu ba sai ta bakin bindigar baƙo, wanda bai ma fahimci abin da ya yanke wa hukunci ba: a babi na gaba Winterbottom yana bai wa mataimakinsa Clarke labarin tamkar rikicin mashaya bammi. Ɗalibin da aka sa ya jera labaran nan biyu gefe da gefe zai koyi yadda ake karanta rahoton ƴan mulkin mallaka fiye da abin da jawabin malami zai ba shi.

Babin yana da rauninsa. Mutanen Okperi, waɗanda su ake kira ɓarayi, kusan ba a ji tasu hujja a kan filin ba, kuma matan da ke noma a irin wannan ƙasa ba su da murya a taron ko kaɗan. Ana iya cewa haka al'adar take, amma marubucin da ya iya shiga zuciyar Ebo a daidai lokacin da yake kuka a kan gunkinsa da ya iya buɗe wata kafa.

Kuskuren da ya fi sauƙin yi a aji shi ne a mai da Ezeulu waliyyin zaman lafiya. A dukan babin nan Ulu bai yi magana da kansa ba. Ezeulu ne ke faɗin nufinsa. Sau ɗaya tak aka ji muryarsa a kunnen mai tsafin, can kusa da ƙarshen littafin, kuma ba sulhu ya kawo ba, faɗansa da Idemili ya tuna masa. Bakin da ya hana yaƙi a kan fili shi ne, bayan tsarewar kwana 32 a Okperi, ya ƙi sanar da bikin sabuwar doya, amfanin gona yana lalacewa a ƙasa, har mutane suka fara kai doyarsu coci.