Inda Ƙarfe Ke Cin Ƙarfe

Wurin da ƙafar jirgin ƙasa ke taɓa dogo bai fi faɗin ƙaramin kwabo ba. A kan wannan ɗan wuri nauyin tan goma ko fiye yake sauka, ya wuce, wata ƙafar ta biyo, haka dare da rana. Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. To, shi kaɗai ba ya cinyewa ma. Dogo na cin ƙafa, ƙafa na cin dogo, kuma akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su tsara yadda cin zai kasance.

Da tauri suke farawa. A 1900 wani injiniya ɗan Suwidin, Johan Brinell, ya fito da hanyar auna shi: a danna ƙwallo mai tauri a jikin ƙarfe, a auna faɗin lotsawar. Da lambar taurin da wannan awo ke bayarwa ake raɗa wa dogo suna a Turai. R260 shi ne na yau da kullum. R350HT kuwa, ana sanyaya kansa da lissafi bayan ya fito daga wuta, har ƙwayoyin cikinsa su yi ƙanana su matse. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga an tsoma bakin gatari a ruwa ya san tushen abin, sai dai a nan ba a yarda ƙarfen ya yi gautsi ba.

A 1953 John Archard na Ingila ya nuna a lissafe cewa cinyewa na raguwa gwargwadon ƙaruwar tauri. Shi ya sa ake shimfiɗa dogo mai tauri a kwana, inda leɓen ƙafar jirgi ke gurzar gefen dogo har ka ji ƙara. An daɗe ana tsoron irin wannan dogon zai rama a kan ƙafafu, amma gwaje-gwaje da dama sun nuna tsoron ya fi ɓarnar yawa.

Me ya hana a shimfiɗa mai taurin ko'ina a huta? Tsada na ciki, amma abin da ya fi burge ni daban ne. Matsin da ake ta maimaitawa yana haifar da 'yan tsage-tsage a fatar dogo, sirara kamar gashi. Dogo mai taushi yakan cinye da wuri, sai ya tafi da su tun suna jarirai. Mai tauri yana jinkirin tsagewa, gaskiya ne, amma in tsagar ta samu, babu mai share ta. Tana nan tana nutsawa ciki, alhali saman na sheƙi kamar sabo. Ranar 17 ga Oktoba 2000, a wata kwana kusa da Hatfield a Ingila, dogon da irin waɗannan tsage-tsage suka ci ya farfashe gida sama da 300 a ƙarƙashin jirgin fasinja. Mutum huɗu suka rasu.

Don haka gwanayen da kansu suke cinye dogon. Akwai jirgi na musamman mai jerin duwatsun wasa ƙarfe a ƙarƙashinsa. Yakan fita galibi da dare, yana tafiya a hankali, tartsatsi na tashi gefe da gefe. Abin da yake kankarewa sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba. A kankare da yawa, an rage wa dogo shekaru a banza. A yi rowa, tsaga ta tsira. Suna kuma gyara siffar kan dogon ta dace da ta ƙafa, sannan a shafa giris a gefe kawai, don in ya hau sama birki ya tashi aiki.

A mahaɗar layuka, inda ƙafa ke tsallake giɓi ta doki ƙarfe, wani ƙarfen ake kawowa: wanda Robert Hadfield ya haɗa a 1882, mai manganis wajen kashi 12 cikin 100. Da taurinsa matsakaici ake kafa shi, jiragen da ke dukansa ne ke ƙarasa ƙirar, fatar ta taurare, cikin ya zauna da danƙonsa.