Jigo da Salo a Zanen Canaletto na "Filin Masassaƙa Dutse"

Manazarta da dama sun daɗe suna ɗaukar Giovanni Antonio Canal (1697-1768), wanda aka fi sani da Canaletto, a matsayin mai zanen kasuwa kawai, wato mai zana wa attajiran Ingila masu yawon buɗe ido fadoji da bukukuwan birnin Benis na ƙasar Italiya domin su koma gida da tsaraba. Zanen da ya yi wajen shekarar 1725, wanda ke gidan adana zane-zane na ƙasa a Landan, ya isa ya raunana wannan ra'ayi.

A nan mai zanen ya juya wa dandalin San Marco baya. Ya tsaya a filin San Vidal, inda masassaƙa ke sarrafa fararen duwatsu a gaban wata rumfar katako. Babbar mashigar ruwan da birnin ke taƙama da ita ta koma tsakiya, 'yar siririya, da 'yan kwale-kwale a kanta. A ƙetarenta kuma ga majami'ar Santa Maria della Carità da hasumiyarta. Babban jigon shi ne aikin ƙarfi, wato gumin da ƙawar birnin ta ginu a kansa.

Warwarar jigon tana cikin ƙananan abubuwa. Ta hagu wani yaro ya faɗi, fitsari ya kuɓuce masa, uwarsa ta jingine tsintsiya ta nufo shi, wata mata kuma tana leƙowa daga bene. Ta dama wata tana kaɗi, wata tana ɗibar ruwa a rijiya. Bangaye sun kwaile, ga shanya a rataye. Mai neman faranta wa baƙo ba ya nuna masa bayan gida, amma nan aka sauke mai kallo. Ta fuskar salo, hasken rana ya fi sauka a kan duwatsu da masu aiki, gaban majami'ar kuwa yana cikin inuwa, abin da za a iya fassarawa da fifita ma'aikaci a kan ginin alfarma. Sai dai kada a zarce a ce zanen suka ne ga masu mulki, domin babu wata fuska a ciki da ke nuna ƙunci ko tawaye.

Lokaci ya ƙara wa zanen wata daraja da mai shi bai nufa ba. Hasumiyar ta rushe a 1744, majami'ar ta zama gidan adana zane-zane, gadar Accademia kuma ta ratsa daidai wurin da kwale-kwalen ke fiton mutane.