Akwati Mai Kwaɗo Uku: Kariya ga Asusun Mata

Manyan bankunan duniya sun ɗauki al'adar ware wani abu daga ribarsu da sunan sauke haƙƙin al'umma, kuma masu yabon wannan al'ada sukan kafa hujja da bankin Barclays na Ingila, wanda a shekarar 2009 ya haɗa gwiwa da ƙungiyoyin CARE da Plan domin yaɗa asusun ajiya da rance a ƙauyukan ƙasashe dabam-dabam. Alherin da ke cikin wannan ba abin musu ba ne. Abin da na ƙi shi ne da'awar wasu 'yan boko cewa asusun mata matakin farko ne kawai, wanda ba ya samun kamala sai an jingina shi ga banki, alhali kuwa tsarin da Barclays ya ɗauki nauyin yaɗawa a jahar Maraɗi aka haife shi, a 1991, sa'ad da CARE ta kafa Mata Masu Dubara bisa adashin da iyayenmu mata suka daɗe da saninsa.

Duk wanda ya halarci zubin mako a Gazawa, ko Agye, ko Gidan Runji, ya kyautu ya tsai da hankalinsa ga shi kansa akwatin asusun. Kwaɗo uku gare shi, mabuɗansu suna hannun mata uku, shi kuwa yana kwana a ɗakin ta huɗu wadda ba ta riƙe mabuɗi ko ɗaya, ta yadda babu mai iya taɓa dala guda face an yi taron dangi a kan ha'inci. Ba a buɗe shi sai kowa ta hallara, a ƙirga kuɗin da babbar murya, a faɗi jimla, kowace ta hardace ta, mako mai zuwa a tambaya kafin a cire kwaɗo. Shari'a ta yi umurni da kafa shaidu a kan bashi, su kuwa waɗannan bayin Allah, da yawansu ba su taɓa riƙe alƙalami ba, sai suka mai da majalisar baki ɗaya shaida. Saboda haka wadda ta ci bashi domin ta sayi gyaɗar ƙuli, ko ta sari aya, ko ta ɗaure jar akuya, ta san cewa maƙwabciyarta ce ke bin ta, kuma mutuncinta ne jinginarta, abin da ya fi takardar fili tsada a wurinta.

Mas'alar ƙarin da ake ɗorawa kan rance ta malaman fiƙihu ce, sai dai a tuna cewa ranar rabo yana komawa ga waɗanda suka zuba.

Damuwata ita ce ranar da aka kwashe kuɗin zuwa ma'ajiyar banki a birnin Maraɗi, domin a ranar lissafi zai bar bakin mata talatin ya koma cikin wata takarda da aka rubuta da Faransanci, wadda masu dukiyar sai sun nemi ɗan makaranta ya karanta musu.